Kuɗi A Waya, Goro A Huhu

A unguwar Zango ta Agege, can cikin Ikko, akwai wani dattijo mai sayar da goro wanda ya ba shekara sittin baya. Mutumin ƙasar Katsina ne. Ya zo Kurmi tun yana saurayi, a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ya bi sawun dubban Hausawan da fataucin goro da na shanu suka jawo wannan wuri tun bayan da dogo ya isa Kano a 1911. Bai yi boko ba, amma ya sauke Alkur'ani, kuma da ajami yake rubuta lissafinsa a cikin wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da aljihunsa. Shekara arba'in yana ciniki, ba wanda ya taɓa kai ƙararsa gaban Sarkin Hausawa a kan kwabo. To, wannan mutum ne, cikin watan Fabrairu na 2023, aka kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba, alhali kuwa yana da kuɗi masu kauri a banki.

Mai karatu ya san mafarin zancen. Ran 26 ga watan Oktoba 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin Naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 suna hannun jama'a, ba sa cikin bankuna. Aka fito da sababbin takardu ran 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ran 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara kwana goma. Har wa yau aka ƙayyade abin da mutum zai iya cira a mako, domin a tura jama'a ga ciniki ta waya da kati.

Dattijon nan ba baƙon canjin kuɗi ba ne. Yana yaro aka bar fam da sule aka koma Naira a 1973, yana kuma Agege aka canza launin kuɗi cikin Afrilu 1984, lokacin da Janar Muhammadu Buhari yake mulkin soja. Saboda haka da ya ji Buharin ne ya sake amincewa da wani canjin, bai yi gardama ba. Ya kwance ƙullinsa, ya bi layi tun asuba, ya zuba jarinsa kaf a banki, yana tsammanin yadda ya miƙa tsoho haka za a miƙo masa sabo. Ashe rijiya ce mai karɓar guga ta hana ruwa.

Shi goro ba ya jiran hukuma. Huhun da aka kawo daga Shagamu sai an kwance shi, an tsince wanda sankara ta taɓa, an sake ganye, an yayyafa ruwa, in kuwa ya daɗe bai fita ba sai asara. Masu sayensa kuma yawancinsu 'yan dako ne da masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu wankin takalmi, masu sayen na Naira hamsin ko ɗari. Wa zai tura Naira hamsin ta waya? Su ma kansu ba a biya su ba, don masu ba su aikin ba su da tsaba. Ciniki ya tsaya cik. In ya je wurin masu na'urar POS, sai a ce ya bar dubu biyu kafin a ba shi dubu goma, watau mutum ya sayi kuɗinsa da kuɗinsa. Can Shagamu kuwa abin ya kai har fusatattun mutane suka ƙona bankuna cikin watan nan na Fabrairu.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yayarsa da ke ƙauye, tsohuwa mai hawan jini. Duk wata yakan ƙulle kuɗin maganinta ya ba wani direban babbar mota ɗan garinsu, amana ce ta shekara da shekaru, ba a taɓa samun giɓi ba. A wannan wata babu abin ƙullewa. Ƙauyen babu banki, waya ma sai an hau tudu take kamawa. Sai da wani maƙwabcinta ya sayar da akuya aka sayo maganin, aka aiko masa da labari. Wannan ya fi yunwar kwana biyun nan yi masa zafi.

Ana cikin haka sai ga wani mutum fes da shi, ya ce goron ɗaurin aure yake so, ƙwarya biyar na fari manya. Suka yi ciniki, mutumin ya daddanna waya ya nuna masa, ya ce, "Alhaji, ga shi nan ya tafi." Dattijo ya dubi rubutun Turanci da ba ya iya karantawa, ya dubi fuskar mutumin, ya ga kamala, ya ce, "Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya." Da yamma autansa ya dawo daga makaranta, ya duba, ya ce, "Baba, ai ba abin da ya shigo." Ya ce, "Auta, sake dubawa dai, mutumin kirki ne." Suka jira kwana uku, suka jira mako. Ko layin ne ya haɗiye kuɗin, ko mutumin ne macuci, Allah kaɗai ya sani. Shi dai ya buɗe littafinsa ya rubuta asara.

Ya kamata a yi wa masu wannan tsari adalci, domin hujjojinsu ba na banza ba ne. Sun ce tara tsabar kuɗi a gidaje yana sauƙaƙa wa masu garkuwa da mutane karɓar fansa, yana ba masu buga jabu dama, ga kuma zaɓen 25 ga Fabrairu yana tafe, ana tsoron sayen ƙuri'a. Dattijon ma shaida ne, don 'yan fashi sun taɓa tare motarsu a hanyar Arewa suka kwashe abin da ya yi wata shida yana tarawa, da a waya kuɗin suke da ba su samu ba. Amma masu suka sun ce an sa keke a gaban doki. Ministar Kuɗi ta lokacin, Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, ta gaya wa Majalisar Dattawa ba a shawarci ma'aikatarta ba. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, ita kuwa ran 3 ga Maris 2023 ta yanke hukunci ba a ba jama'a isasshen wa'adi ba, ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara. Ran 29 ga Nuwamba ta ɗage wa'adin gaba ɗaya.

Duk cikin wannan muhawara ta manya, ba a ji wanda ya tsaya ya tambayi irin dattijon Agege yadda yake ciniki ba. Da an tambaya, da ya faɗi cewa ba ya ƙin na'ura, tun da rediyo da mota da wayar hannu duk ya karɓe su ba tare da an tilasta masa ba, saboda ya ga amfaninsu da idonsa. A Kenya haka aka yi, tun 2007 da aka fito da M-Pesa talakawa suka rungume shi da kansu, domin yana aiki a ƙaramar waya, akwai kuma wakili kusan a kowane lungu mai mayar da saƙo tsabar kuɗi. A Indiya kuwa, inda aka soke manyan takardun kuɗi dare ɗaya cikin Nuwamba 2016, ƙananan 'yan kasuwa da leburori ne suka sha wuya. Nan Ikko ma tun Janairu 2012, zamanin Malam Sanusi Lamido Sanusi, aka fara gwajin rage amfani da tsaba. Shekara goma sha ɗaya ke nan kafin wannan rikici, lokacin da ya isa a bi kasuwanni a koya wa mutane da harshen da suke ji, a kai layin waya ƙauyuka, a kuma tanadi wurin da wanda kuɗinsa ya maƙale zai kai kuka a share masa hawaye da wuri. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma ba a gwajin zurfin ruwa da ɗan wani.

Yanzu in mutum ya bi ta rumfar dattijon zai ga lambar asusu an rubuta a jikin kwali an rataye. Masu sayen ƙwarya-ƙwarya ta waya suke biya, ba ya kuwa miƙa goro sai ya ji tasa wayar ta yi ƙara. Yayarsa ma ta hannun wani mai POS a kasuwar garin da ke kusa da su take karɓar saƙonta. Za a iya cewa tsarin ya ci nasara a kansa. Sai dai akwai abin da ya rasa wanda ba ya shiga lissafin banki. Mutumin da ko uwargidansa ba ta san iyakar abin da ya mallaka ba, sai ga lambar sirrinsa a hannun yaro ɗan shekara goma sha bakwai, in yaron ba ya nan kuwa sai ya roƙi na rumfar kusa ya karanta masa saƙo. Takardar Naira 500 tana ɗauke da ajami, yana karanta ta da kansa, ita kuwa wayar ba ta san da zamansa ba.

Wata rana bayan sallar Isha'i ya kira yaron ya ce, "Auta, zauna nan. Yau kai ne malam. Nuna mini inda ake dannawa, sannu-sannu, kada ka yi mini gaggawa irin ta hukuma." Yaron ya yi dariya ya ce, "To, Baba." Dattijo ya jawo fitila, ya buɗe littafin nan nasa, ya shiga rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya da ajami, daga dama zuwa hagu, a shafin da ke bin wanda ya rubuta asarar ƙwarya biyar.

Allah ya ba shugabanni ikon tuna irinsa tun kafin su sa hannu a takarda, amin.