Abin da Ƙurar Bagega Ke Koya wa Mai Son Yi wa Al'umma Aiki

A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Jijjiga ke kama su, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu amfani ba. Da aka gwada jininsu, sai aka tarar da gubar dalma. Kimanin yara 400 ne suka rasu.

Likita zai iya faɗin abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Amma yadda ta isa bakin yaron, wannan tambaya ce ta wani fanni dabam, wato nazarin zaman ɗan Adam da muhallinsa, inda ake duban ƙasa da sana'a da tsarin gida a matsayin abu guda. Farashin zinariya ya tashi a duniya, manoma suka koma ramukan haƙa. Dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari a Dareta da Abare da 'Yargalma, a dandaƙa shi a tsakar gida, a kai injin niƙa irin na hatsi, a shanya a inda jariri ke rarrafe. Matan da ba sa fita sun samu sana'ar yi a ɗaka, kuma a nan ne masifar ta ɓuya: hanyar da ta kawo kuɗi cikin gida ita ce ta kawo ƙurar.

Shi ya sa magani kaɗai bai wadatar ba. Yaron da aka ba maganin fitar da dalma, in ya koma tsakar gidan nan, jininsa zai sake gurɓata. Sai da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranci kankare saman ƙasa gida-gida, aka zuba mai tsabta. Bagega, mafi girma a cikin garuruwan, ta daɗe tana jira saboda kuɗin da gwamnatin tarayya ta alkawarta ba su fito ba. A 2012 Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi suka fara gangamin #SaveBagega, tushen shirin Follow The Money, aka saki kuɗin a farkon 2013, aka tsabtace garin.

Matashin Gummi ko Anka da ke son gina sana'a mai cin gashin kanta wadda kuma ke warkar da al'umma, ya kamata ya dubi abin da ya rage. Tsabtacewa da magani aikin tallafi ne, tallafi kuwa yana da ranar ƙarewa. Haƙa ba ta tsaya ba, ko bayan haramcin da gwamnatin tarayya ta sanya a Zamfara a 2019, domin ba a raba mutum da abincinsa da sanarwa. Dabarun rage ƙura sanannu ne: niƙa da ruwa, wajen sarrafawa a bayan gari, wanka da sauya tufafi kafin a koma gida. Wahalar tana ga lissafi. Injin niƙa da ruwa ya fi tsada, yana bukatar rijiyar burtsatse, mahaƙi kuma ba zai biya ladan niƙa mafi yawa ba sai ya ga zinariyar da yake samu daga kowane buhu ta ƙaru. Matar da aka fitar da sana'arta daga gida ita ma tana jiran a gaya mata da me za ta maye gurbinta.