Tsakanin Kara da Ƙara

Tun da kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, nake tambayar kaina da wace manhaja za a riƙa rubuta mana doka. A nan Tanut da Belbeji, takardar sakin gonaki ko ta burtali ita ke shiga tsakanin manomi da makiyayi. Kwamfutar da ta cinye ƙugiya sai ta mai da mai kai ƙara mai kai kara, alhali a Damargu kan kara ake rigimar.

Shi ya sa, in kwamitin filaye ya kawo mini rubutu in buga, abu uku nake dubawa. Manhajar ta san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, yadda ƙa'idar rubutu ta 1999 ta tanada? Tana aiki ba intanet? Tana nuna wanda ya sauya kalma? LibreOffice na yin duka, kuma kyauta ce. Word ma na yi, amma da kuɗi.

Malamai da iyaye, mu tsare wa yara ƙugiyar nan tun a allo. Cikinsu akwai masu rubuta dokar gobe.