Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Mu biyu ne a ofishin, kuma tun daren da abin ya faru muka yi alkawarin ba za mu taɓa faɗa wa kowa wanda ya danna maɓallin ba. Shi ya sa za ku ji muna ta cewa "mu". Ɗaya ne ya danna, ɗayan yana gefe yana shan shayi bai ce uffan ba, don haka laifin namu ne duka.

Sana'armu rubuta manhaja. Tare muka karanta kimiyyar kwamfuta, tare muka kama ɗan shago a Kano muka sa tebur biyu. Cikin waɗanda muke yi wa aiki akwai wata makaranta mai zaman kanta da muka rubuta wa manhajar haɗa sakamakon jarrabawa. Makarantar ba ta da intanet, saboda haka duk ƙarshen zango sai mu kai tsohuwar kwamfutarmu ta tafi-da-gidanka ɗakin malamai, su riƙa shigar da maki ɗaya bayan ɗaya. A Disambar 2024 kwana tara suka yi suna wannan aiki, suka gama ranar Juma'a. Litinin za mu buga katunan sakamako, Laraba a raba wa yara a tafi hutu.

Babbar manhajar da ke kan kwamfutar, wato wadda duk sauran manhajoji ke zaune a kanta, Ubuntu ce, ɗaya daga cikin dangin Linux. Lambobinta shekara da wata ne: 22.04 ta fito a Afrilun 2022, 24.04 kuma a Afrilun 2024. Tamu tsohuwar ce, amma za a ci gaba da kula da ita har 2027, babu abin da ke korar mu. Sai dai kullum muka kunna sai ta tambaye mu ko muna son sabuwa. Daren Juma'ar nan akwai wuta, akwai ragowar data, aiki kuma ya yi sauƙi. Muka ce mata to.

Abin da muka sani sarai amma muka kau da kai shi ne batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, ko minti goma ba ya riƙewa. Ta gama sauko da fayiloli, ta shiga cire tsofaffin sassa tana dasa sababbi, sai aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya yarda ya tashi, fuskarta ta yi baƙi.

Sabunta babbar manhaja kamar sauya rufin ɗaki ne alhali mutane na ciki. Ɗaruruwan ƙananan sassa ake sauyawa bi da bi, kowanne ya dogara da wani. In aikin ya yanke a tsakiya, rabi sabo rabi tsoho, sai su daina jin maganar juna. Da muka sake kunnawa, rubutu ya yi ta gudu, ya tsaya cak. Muka koma jerin zaɓin da ke fitowa tun farkon kunnawa, wanda ake kira GRUB, muka zaɓi tsohuwar zuciyar manhajar. Nan ma ta cije.

A lokacin ne ɗayanmu ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Yaushe muka kwafi makin yaran nan?"

Ba mu kwafa ba. Mu da ba ma barin abokin ciniki ya fita daga shagonmu sai mun yi masa wa'azin ajiye kwafi. Rubutun manhajarmu yana nan lafiya a intanet, domin kullum muna tura shi. Makin da malamai suka kwana tara suna shigarwa kuwa a wuri ɗaya tak yake a duniya, cikin wannan kwamfutar da ta ƙi tashi.

Asabar da safe muka sauko da Ubuntu 24.04 a ɗayar kwamfutar, abin da ya kusa gigabait 6, muka sa a filashi. Amfanin wannan filashi shi ne kwamfuta za ta iya tashi daga kansa ba tare da ta taɓa abin da ke cikinta ba, kamar ka shiga gidanka ta taga bayan makulli ya karye a ƙofa. Muka shiga, muka ga fayiloli suna nan. Daga nan girman kai ya karɓi aiki. Maimakon mu fara kwashe kaya, sai muka ce gyara za mu yi. Muka umarci dpkg, mai kula da rajistar sassan manhaja, ya ƙarasa abin da ya bari a rabi. Ya gyara wannan, wancan ya koka. Muka gyara wancan, wasu uku suka ɓullo. Har la'asar muna abu ɗaya.

Bayan magariba muka haƙura. Sake ɗora manhajar daga tushe ba zai kai awa ɗaya ba. Muka kwafe foldar /home, inda takardu da hotuna da duk abin da mai kwamfuta ya ajiye suke zama, har da ɓoyayyun fayilolin da sunansu ke farawa da ɗigo. Muka buɗe shafin ɗorawa, muka zaɓi a goge faifan gaba ɗaya. Saura dannawa ɗaya, sai waya ta yi ƙara. Shugaban makarantar ne, dattijon da ya girmi iyayenmu.

"Samari, ina fatan komai lafiya? Iyaye sun fara tambaya."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Muna kai."

"To madalla. Malamar aji uku ta ce a duba mata makin lissafi, kamar ta juya na yara biyu. Allah Ya yi albarka."

Don mu cika masa wannan 'yar buƙata muka ce bari mu leƙa kwafin da muka yi. Muka duba sama da ƙasa, babu makin. Sai jikinmu ya yi sanyi. Rumbun bayanan da muke amfani da shi, PostgreSQL, ba ya ajiya a /home. Nasa ɗakin daban ne, can cikin /var/lib. Mun san haka tun muna ɗalibai, gajiya da gaggawa suka shafe mana shi. Da dattijon nan ya jinkirta kiransa da minti ɗaya, da mun goge aikin da hannunmu muna murna mun yi kwafi.

Muka soke ɗorawar. Muka kwafe ɗakin rumbun, da saitunansa da ke /etc, zuwa faifai biyu daban-daban, muka gwada girman kowanne da na asali. Sannan muka goge.

Sabuwar manhajar ta hau lafiya, amma da sauran rina a kaba. Ubuntu 22.04 da PostgreSQL 14 take zuwa, 24.04 kuma da 16, kuma 16 ba ya buɗe ɗanyen fayilolin 14. Sai da muka nemo 14 daga ma'ajiyar masu rumbun, muka ɗora, muka mayar da fayilolin mazauninsu, muka gyara izinin mallakarsu, domin rumbun ba ya tashi in ya ga ɗakinsa a buɗe ga kowa. Abin da ya cece mu wata ɗabi'a ce tasa: kafin ya rubuta komai a rumbu, sai ya fara rubuta shi a wani littafin ko-ta-kwana. In wuta ta yanke, da ya farka sai ya bi littafin ya daidaita kansa. Wajen ƙarfe biyu na daren Lahadi muka nemi jerin 'yan aji uku, sunaye suka zubo da makinsu. Babu wanda ya yi magana a cikinmu. Ɗaya ya tashi ya ɗora ruwan shayi.

Mun daɗe muna juya abin a rai. Yini guda muka ɓata muna jinyar abin da kowa zai iya saukowa da shi kyauta a ɗora cikin awa ɗaya, muka bar abin da babu inda za a samo shi sai a idanu da yatsun malaman da suka kwana tara a kansa. Gaskiya takardun jarrabawar suna nan, da an sake shigarwa. Amma da wane baki za mu ce wa malamar da ke zuwa aiki da goyo ta sake daga farko saboda mun ga dama mun yi kwalliya daren Juma'a?

Yanzu kowace yamma rumbun yana fitar da kwafin kansa zuwa filashi biyu, ɗaya ya kwana a aljihun tebur ɗin shugaban makaranta, ɗaya a wurinmu. Duk wata sai mun buɗe kwafin a wata kwamfutar mun ga yana aiki, tunda mun ga yadda mutum ke rungume kwafin da babu komai a ciki. Ba ma sabunta komai a makon da ake jiran aiki. Mun kuma sayi batir.

Ranar Litinin da muka kai katunan, muka faɗa wa dattijon duk abin da ya faru, ban da sunan wanda ya danna. Ya saurara har muka gama, ya gyara zaman tabaransa.

"Makin yara biyun nan fa, kun gyara?"

Mun manta. A nan ofishinsa muka buɗe kwamfutar muka gyara, muka sake buga kati biyu.