TEKU MAI BIN WATA DA RANA

Mutumin da ya tashi a Arewa, in aka ce masa ruwa ya ciko, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne damina. Haka muka saba gani. Kogin Kaduna ya kan kawo ruwa cikin Agusta har ya shafe fadamu, in rani ya yi kuwa sai yashi da duwatsu. Saboda haka yawancinmu da muka zo karatu nan Kudu, in muka ji ana zancen cikowar teku sai mu ɗauka irin ta kogi ce. Littattafan labarin ƙasa na firamare kuma ba su taimake mu da yawa ba, don abin da su kan ce bai wuce layi guda ba, wai wata ne ke jan ruwa. To, gobe mu ne za mu tsaya gaban yara, waɗansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi ba, waɗansu kuwa a bakin teku iyayensu ke kwana. Layi guda ba zai ishe su ba.

Teku ba ta jiran hadari. A Ikko ta kan ciko sau biyu, ta janye sau biyu, kusan kowace rana, rani da damina. Tsakanin cikowa da cikowa sa'a 12 ne da minti 25. Watau in yau ta cika da ƙarfe 6 na safe, gobe sai wajen ƙarfe 7 saura minti 10, don wata ma haka ya ke jinkirin fitowa. Tun cikin ƙarni na 9 Alkindi, masanin nan na Bagadaza, ya yi risala a kan wannan abu da Larabawa ke kira maddu da jazru, amma sai a 1687 Newton, Baturen Ingila, ya bayyana irin jan da ke haddasa shi. Wata yana jan ruwa, rana ma tana ja, sai dai ƙarfin rana a wannan aiki bai kai rabin na wata ba, saboda nisanta.

In wata ya ɓuya, ko kuwa in ya cika a daren 14, shi da rana da duniya suna kan layi ɗaya, sai su haɗa ƙarfi. Ruwa ya hau fiye da kullum, in ya tashi janyewa kuma ya janye fiye da kullum. In wata ya yi rabi, wajen 7 ko 22 ga wata, kowa gefensa ya ke ja, sai cikowar ta yi laushi. Teku ta kan ɗan makara kwana ɗaya ko biyu bayan wata. Duk wanda ya san kwanan watan Musulunci ya riga ya san wannan ba tare da littafi ba. Masuntan Egun da na zauna da su a Badagari ba su taɓa tambayata yau nawa ga watan Bature ba, sama su ke duba.

Amma fa wannan rabin labari ne. Babbar cikowa ta wannan wata ba daidai ta ke da ta watan gobe ba, kuma a nan ne lokatan shekara su ke shigowa. Ku tuna inuwarku da tsakar rana. A Kano cikin Yuni inuwa kudu ta ke faɗuwa, don rana ta hau arewa. Cikin Disamba kuwa arewa ta ke faɗuwa, ga ta doguwa, don rana ta gangara kudu. Sau biyu a shekara rana ta ke tsayawa daidai bisa ikwaita, layin nan da ya raba duniya biyu, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, sa'ad da dare da yini su ke daidaita. A sauƙaƙe, jan wata da rana ya kan tara ruwa tudu biyu, ɗaya a gefen duniya da ke fuskantarsu, ɗaya a bayanta, duniya kuwa tana juyawa tana ratsa su. Cikin Maris da Satumba, in wata ya ɓuya ko ya cika, shi ma kusa da ikwaita ya ke, sai tudun nan biyu su zauna sosai a ƙugun duniya. Wannan ne ya sa a yawancin gaɓar duniya cikowa mafi girma ta shekara a waɗannan watanni ta ke zuwa. Cikin Yuni da Disamba kuwa tudun su kan karkace, ɗaya ya yi arewa, ɗaya kudu. Gari ya ratsa tsakiyar ɗaya, sa'an nan ya bi gefen ɗayan, sai ka ga cikowar safe da ta yamma ba su yi daidai ba.

Akwai kuma maganar nisa. Farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, farkon Yuli kuwa miliyan 152. Wata ma ya kan matso har wajen kilomita 363,000, ya nisanta har 405,000, kuma nasa ya fi tasiri. Ran da matsowarsa ta yi arba da cikarsa ko ɓuyansa cikin Maris ko Satumba, ran nan teku ta kan nuna iyakar abin da ta iya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin wannan duka shi ne, Bahaushe lissafi biyu gare shi, na wata don ibada, na rana don noma, teku kuwa duka biyu ta ke bi a lokaci guda. Ba za ka iya cewa Rajab ne watan babbar cikowa ba, don watanninmu su kan matso da kwana 11 kowace shekara. Azumin 2012 cikin Yuli da Agusta aka yi shi, na 2025 cikin Maris. Wata ke faɗa maka ranar, rana ke faɗa maka lokacin shekara.

Girman abin ya danganta ga siffar gaɓa. A Ikko tsakanin cika da janyewa bai wuce kamar mita 1 ba, amma in ka yi gabas sai ya yi ta ƙaruwa har wajen mita 3 a bakin kogin Kalaba. A tsibirin Mon San Mishel na Faransa ya kan kai mita 14 cikin Maris da Satumba, a mashigin Fandi na Kanada har 16. Kada kuma malami ya ɗaure wa yara kai cewa ko'ina haka ne. A Haifon ta ƙasar Biyetnam sau ɗaya teku ke cikowa a yini, can kuwa Yuni da Disamba ne manyan watanninta. A tsakiyar Bahar Maliya, inda alhazan da su kan ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda, cikowar kullum 'yar kaɗan ce, amma iska da zafi su kan sa ruwan ya fi tsawo da ɗari, ya sauka da bazara.

Yanzu bari mu komo ga damina, don tana da nata hannu, ko da ya ke ba ita ke jan teku ba. Cikowar Maris da ta Satumba kusan ɗaya su ke a lissafi, amma a Ikko ba ɗaya su ke ga talaka ba. Cikin Maris rani ya ƙare ruwan koguna, babban tafkin Ikko da Yarbawa ke kira osa ya yi ƙasa, sai ruwan gishiri ya kutsa can ciki ya koma, ba wanda ya rasa barci. Cikin Satumba kuwa kogin Ogun yana zubo ruwa, tafki ya cika, lambatu sun cika, ga kuma manyan igiyoyi da guguwar kudancin Atilantika ke turowa tun daga Yuni. In teku ta ciko a kan wannan, ruwan gari ba shi da wurin fita. Cikin Agusta na 2012, daf da ƙaramar Salla, wata ya ɓuya, igiyoyi suka haɗu da babbar cikowa a bakin ruwan Kuramo, suka share bukkoki, aka yi asarar rayuka.

In irin wannan ta faru sai ka ji ana cewa teku ta yi fushi. Ni dai wannan magana ba ta gamshe ni ba. Gaskiya ne ba mai iya faɗin ranar guguwa tun shekara guda kafin ta zo, amma ranar babbar cikowa da sa'arta sananne ne, sojojin ruwa na Nijeriya suna buga lissafinta, matuƙan jiragen Apapa da shi su ke aiki. 'Yan'uwanmu masu gadi da masu ga-ruwa da 'yan tireda da ke kwana kusa da ruwa, su ne ba wanda ya gaya wa, su kuwa sun fi kowa sanin kwanan wata.

Sa'ad da muka fita koyon aikin koyarwa, na kafa gora a bakin ruwa kusa da makarantar, muka yi mata zane da fenti, yara biyu suna zuwa kowace rana suna rubuta inda ruwa ya tsaya, da kwanan wata iri biyu. Kafin mako uku su da kansu suka gane ranakun babbar cikowa. Na shekara kuwa sai an yi haƙuri, don sai littafin ya kai daga Maris zuwa Satumba kafin ya nuna. Na bar shi hannun malamin ajin, da gwangwanin fentin.