Laifin da inuwata ta ɓoye

Wani matashi a Kalgo mai kaɗa jita a wajen biki, irin kiɗan Abzinawa da su Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya, ya nemi in haɗa masa akwatin daidaita amo. In ya daki tsirkiya da ƙarfi lasifika ta yi kururuwa, in ya taɓa a hankali amon ya mutu nan take. Gyaran rediyo da amfilifaya nake yi a Gwandu, sai na karɓi aikin.

Zuciyar akwatin abu biyu ne. Ana haɗa ƙaramin ƙwan LED fuska da fuska da wani ɗan ido mai jin haske, wanda masu sayar da kayan lantarki ke kira LDR. A duhu idon yakan tare wuta da ƙarfin da ya kai om miliyan 1 ko fiye, amma da haske ya same shi sai ya sauko zuwa ɗaruruwa. In amo ya yi ƙarfi ƙwan ya kama, idon ya buɗe hanya, wani kaso na amon ya zube. In amon ya fara mutuwa ƙwan ya dusashe, idon ya koma a hankali, sai ka ji kiɗan ya ja tsawo. Nawar nan tasa ita ce daɗin abin, kuma da wannan dabara na'urar LA-2A ta kamfanin Teletronix a Amurka ta yi suna tun shekarun 1960.

Sharaɗin guda ne: kada idon ya ga wani haske sai na ƙwan. Na san haka sarai. Amma baƙin salatif ya ƙare mini, na naɗe su da fari, na kuma bar wata huda da na yi a kuskure a murfin akwatin. Da dare na gwada shi a shago, ya yi aiki tsaf.

Ranar bikin a fili aka yi wasa, rana na dukan akwatin. Amo ya shaƙe kamar an toshe wa jitar baki. Na durƙusa a kansa in duba, sai amon ya dawo. Na miƙe na ja gefe, ya sake shaƙewa. Na ce amfilifayarsa ce ta ɗauki zafi.

Ya ce, "Yaya, wallahi jiya lafiyarta ƙalau."

Na ce, "Ni za ka koya wa aiki?" A gaban jama'a na faɗa.

Masu biki suka rage masa kuɗi. Ya kai amfilifayar Birnin Kebbi aka sauya mata kayan da ba abin da ya same su. Sai daga baya, ina auna akwatin a bakin shago, yarona ya gitta ta ƙofa, allurar mita ta zabura. Nan na gane cewa ranar bikin inuwata ce ke tare hudar duk sanda na sunkuya. Gyaran bai ci komai ba: baƙar roba mai matsewa in ta ji zafi, da toshe hudar.

Salatif ɗin bai dame ni kamar maganar da na gaya masa ba. Shaida tana gabana, na karanta ta yadda za ta wanke ni, don kawai na girme shi kuma ni ke riƙe da mita. Mai gyara ya kamata ya fara zargin abin da ya fita daga hannunsa, musamman in shi ne baƙo cikin kayan. Na biya shi kuɗin da ya kashe, na koma Kalgo na faɗi gaskiya a gaban abokan kiɗansa da suka ji lokacin da na gwale shi.

Kai da za ka haɗa irin wannan akwati, ka rufe shi, ka fita da shi tsakar rana, ka haska kowace kafa da fitilar waya. In allurar mita ta motsa, kada ka miƙa wa mai shi.