Mudun da Ake Auna Jinyar Ƙarshe

A zaman makokin da na tashi na gani, tambayoyin ba sa canzawa. Mai gaisuwa zai zauna a tabarma, a shafa fatiha, ya ce yaya haƙuri, sannan ya sassauta murya: "Ya jima yana jinya?" A ce masa wata bakwai. "Allah Ya sa kaffara ce. Wa ke kansa da ya cika?" Idan aka ce ya samu kalmar shahada, kuma kansa na bisa cinyar babban ɗansa, sai ka ji zauren ya yi ajiyar zuciya. Wani dattijo ya ƙara da batun bashi, da wasiyya, da ko ya nemi yafiyar mutanen gida. Da waɗannan ake gane wanda ya yi kyakkyawan ƙarshe. Ba takarda ba alƙalami, amma mudu ne, kuma kowa ya san inda bakinsa yake.

Tambaya ɗaya ce ban taɓa ji an yi ba: ya sha zafi? In ma zancen ya taso, ta ƙofar yabo yake shigowa. Kakata ta wajen uwa ta yi wata biyar da ciwon daji a mama. Asibiti sun sallamo ta da maganar da kowa ya san ma'anarta, wato a kai ta gida, sai addu'a. Ranar sadakar uku abin da mata ke ta nanatawa shi ne, "Baiwar Allah, ko wash ba ta taɓa cewa ba." Ni da nake kwana a ɗakinta na san tana cewa, jira take yi dare ya raba. Dauriyarta aka auna, ta kuma cika mudu har ta zuba. Jinyar da muka yi mata kuwa, ba wanda ya ɗora ta a sikeli.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila ta shekarun 1950, lissafin asibiti gida biyu ne, waɗanda suka warke da waɗanda suka mutu. Wanda ke tsakani, wanda an san ba zai tashi ba amma yana da sauran shan ruwa na wata uku ko huɗu, ba shi da gurbi a littafi. Allurar kashe zafi sai mara lafiya ya roƙa, ma'ana sai ciwon ya dawo ya murɗe shi tukuna, don likitoci na tsoron kada ya saba da ita. Ma'aunin da ake da shi a lokacin shi ne wanda David Karnofsky ya fitar a Amurka a ƙarshen shekarun 1940 don masu ciwon daji, daga 100 zuwa 0: 100 lafiya lau, 0 mutuwa, tsakaninsu kuma ana duba ko mutum na iya aiki, ko yana iya kula da kansa, ko ya kwanta. Likita ne ke ba da makin. Ba a tambayar mai jikin.

Wadda ta juya akalar wata 'yar Ingila ce, Cicely Saunders. Nas ce tun asali, ciwon baya ya raba ta da aikin, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya. A 1948 ta shaƙu da wani Bayahude ɗan gudun hijira daga Folan, David Tasma, wanda ciwon daji ke ci a wani asibitin Landan. Da zai rasu ya bar mata fam 500 don gidan jinyar da suka riƙa zancensa. Ta ga likitoci ba sa sauraron wanda ba likita ba, sai ta koma makaranta tana da shekara talatin da 'yan kai, ta fito likita a 1957. Shekarar da ta biyo baya ta fara aiki a gidan jinya na St Joseph da ke unguwar Hackney, wanda wasu mata 'yan coci ke gudanarwa.

A nan ne abin da ya fi burge ni yake. Ba ta tsaya a tausayi ba, ta ɗauki rikoda. Takan zauna bakin gado ta ce wa mara lafiya ya ba ta labarin ciwonsa, kaset na juyawa. Ta tara bayanan mutum sama da dubu ɗaya: wane magani aka ba shi, nawa, ƙarfe nawa, yaya ya kwana. Ta riƙa ba da maganin kashe zafi bisa agogo, duk bayan awa huɗu, tun kafin zogin ya farka, ta kuma nuna da alƙaluma cewa mutane na samun sauƙi ba tare da sun fita hayyacinsu ko sun zama 'yan ƙwaya ba. Daga waɗannan kaset-kaset ta gane cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ba na tsoka da ƙashi ba ne kawai. Akwai tsoro a ciki, akwai tunanin wa zai riƙe yara, akwai kuɗin haya, akwai abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta. Bahaushe ya riga ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita sai ta mai da wannan hanyar bincike. A 1967 ta buɗe St Christopher a kudancin Landan, gidan da ya haɗa jinya da koyarwa da nazari, kuma a cikinsa ta rasu a 2005.

Daga nan ma'aunai suka yi ta fitowa. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsani mai hawa uku na maganin zafin ciwon daji, daga irin su farasitamol zuwa mofin. A 1991 likitoci a Edmonton ta Kanada suka fitar da takardar da mara lafiya da kansa yake ba wa zafi da gajiya da tashin zuciya da damuwa da ƙuncin numfashi maki. A 1995 wani babban bincike a asibitocin koyarwa biyar na Amurka, kan mutum sama da 9,000, ya tayar da ƙura: iyalai sun ce rabin waɗanda suka rasu a asibiti cikin hayyacinsu sun sha matsakaicin zafi ko mai tsanani a kwanakinsu na ƙarshe. A ƙasar da ta fi kowa na'urori ke nan.

Sai kuma Ingila ta nuna yadda mudu ke cinye hatsin da aka ce ya auna. A ƙarshen shekarun 1990, likitoci a Liverpool suka tsara wata takardar jagora don kwanakin ƙarshe na mara lafiya, da niyyar kai kyakkyawar jinyar gidajen irin na Saunders cikin manyan asibitoci. Niyyar ba ta da aibu: a daina ɗibar jini da gwaje-gwajen da ba za su ƙara komai ba, a tanadi maganin zafi a kusa, a yi magana da iyali. Takardar ta bazu ko'ina a ƙasar. Daga baya aka fara ba asibitoci kuɗi idan sun kai wani adadi na amfani da ita, kuma a nan gizo ya yi saƙa. Abin da aka ƙirga shi ne mutum nawa aka ɗora a kan tsarin da gida nawa aka cike a fom. Iyalai suka fara kuka: an sa mahaifiyarsu a tsarin ba a gaya musu ba, an hana mahaifinsu ruwa yana nuna kofi. Jaridu suka ɗauka, gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Julia Neuberger, a watan Yulin 2013 kwamitin ya ce a janye tsarin, aka janye. Inda ma'aikata suka ƙware, takardar ta yi amfani, kwamitin ma bai musa ba. Amma inda nas ɗaya ke fama da gadaje da yawa cikin dare, fom ya fi sauƙin kallo a kan fuskar mai gargara. Garin gyaran gira aka taɓa ido.

Akwai kuma awon ƙasa da ƙasa. A 2010 sashen bincike na mujallar Economist, da kuɗin wata gidauniya ta Singafo, ya jera ƙasashe 40 bisa ingancin jinyar ƙarshe. A 2015 aka maimaita da ƙasashe 80. Birtaniya ce ta ɗaya duka sau biyun, na biyun ma shekara biyu kacal bayan abin kunyar Liverpool, wanda ya isa ya sa mutum ya yi wa jerin kallon tsanaki: dokoki da kuɗi da yawan ma'aikata da ra'ayin masana yake aunawa, ba wanda ya je bakin gado. Duk da haka bai yi mana ƙarya ba. A jerin 2015 Najeriya ta zo ta 77, ƙasashe uku ne kawai a bayanta. Yuganda, wadda ba ta kama ƙafarmu a arziki ba, ta zo ta 35.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 1993 wata likita 'yar Liverpool, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa gidan jinyar masu ciwon ajali a Kampala. Garin mofin ake kaɗawa da ruwa, a sa masa launin abinci don a bambanta mai ƙarfi da mai sauƙi, a ɗura a gorunan ruwan sha da aka wanke, a kai wa mutum har gida. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, tun da likita bai kai ƙauye ba. Mu a nan, duk da aikin da Farfesa Olaitan Soyannwo da abokanta suka faro a Ibadan, sunan irin waɗannan magunguna ya riga ya ɓaci a kunnen jama'a saboda ɓarnar kodin da taramol a tsakanin matasa. Yaro na samun ƙwaya a bakin tasha, tsohuwa mai ciwon daji ba ta samu a gadon asibiti.

Ma'aunin da ƙungiyar masu wannan jinya ta Afirka ta gwada a Yuganda da Afirka ta Kudu tambaya goma ne, bakwai ga mara lafiya, uku ga mai jinyarsa. Ranar da na fara karanta su sai na ji kamar ina zauren nan namu. Ana tambayar mutum ko hankalinsa a kwance yake, ko ya samu wanda ya amayar wa abin da ke cikinsa, ko iyalinsa sun samu shawarar da za su shirya wa gaba. Ana tambayar mai jinya ko an yi masa bayani, ko yana jin zai iya. Kusan abin da dattawa ke bincika ne a kan tabarma, sai dai su bayan an dawo daga maƙabarta suke yi, wannan kuwa ana yi da sauran numfashi, ga mai jikin. Tambayar farko a jerin kuma ita ce wadda zaure ke tsallakewa. Wanda bai yi boko ba, hannu ake nuna masa: dunƙulallen hannu ba zafi, yatsa ɗaya kaɗan-kaɗan, biyar a buɗe ya kai maƙura.

Kakata ba ta san bihim ba a boko, amma tana da yatsu biyar. Na sha tunanin nawa za ta ɗaga. Da nas ta zo da hantsi, surukai na zaune, jikoki na leƙe ta labule, na tabbata dunƙule hannun za ta yi ta ce alhamdulillahi, da sauƙi, nas ta rubuta sifili ta wuce gida na gaba. Sai in an fitar da kowa daga ɗakin, an rage fitila, an jira wajen ƙarfe biyun dare.