Tarbiyyar Akushi da Siyasar Cimaka

Kafin yaro ya san allo, ya san akushi. A gidajen da muka taso, nan ne makarantar farko ta hali. A wanke hannu, a yi bisimilla, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Ba a kai hannu ga nama sai babba ya raba, ba a kallon bakin mai ci. Yaron da ya shiga maƙwabta ya tarar ana cin abinci, aka yi masa tayi, sai ya ce alhamdulillahi, ko da cikinsa na kuka, don kada a ce uwarsa ba ta koya masa kawaici ba. Kullum ana nanata mana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Amma a idon jama'a akwai abin da ya fi kwaɗayi muni, shi ne rowa. Marowaci ko ya fi kowa salla, ba ya samun shaidar unguwa.

Da magariba magidanta kan fito ƙofar gida, kowa ɗansa na biye da shi ɗauke da kwano, a haɗa a ci tare. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar, ya zauna ya ci, asirinsa a rufe. A cikin gida mata na ciyayya, kwanon miya na tsallaka katanga, almajiri ma da rabonsa. Addini ya zo ya ƙarfafa wannan: ya hana almubazzaranci, ya hore mu kada mu cika tumbi har ruwa da numfashi su rasa wuri, ya tsoratar da wanda zai kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na fama da yunwa. Saboda haka a wurinmu, idan ana son a san kirkin mutum, waɗanda suka ci tare da shi ake dubawa.

Na yi rayuwata ina aikin jinya da karɓar haihuwa har na ajiye aiki, kuma aikin ya nuna mini ɗaya fuskar wannan tarbiyya. Ba kowace dokar ci ta gida ce ke kare mai rauni ba. Tsoka ta maigida ce, yaro ya samu romo da ƙashi. A wasu gidaje ana hana yaro ƙwai, wai zai tashi da sata. Na sha ganin yara masu jan gashi da kumburarren ciki sun fito daga gidajen da kaji ke kai-kawo a tsakar gida, ana tara ƙwan a kai kasuwa. Dakashi, nonon farko mai kauri wanda ke ɗauke da garkuwar jariri, sai a tatse a zubar, a ce ƙazanta ne, a ɗura wa jinjiri ruwa.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne jego. Tun asuba an hura wuta a ƙarƙashin ƙatuwar tukunya, ruwa na tafarfasa da ganye a ciki. Mai jego ta zauna a bayan ɗaki, tsohuwa ta tsoma ganyen tana fyaɗa mata a jiki, tururi na tashi har ba ka ganin fuskarta. Ta fito a ba ta kunun kanwa cike da ƙwarya, a wasu wuraren ma ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa. Safe da yamma haka, har a yi arba'in. Bayan 'yan makonni sai a kawo mana ita ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi sama-sama. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi bincike kan wannan ciwon zuciya na bayan haihuwa a shekarun 1970, suka danganta yawansa a ƙasar Zazzau da gishirin da ke cikin kanwa da kuma tsananin zafin da ake gasa jiki da shi.

Amma tsofaffin da ke wannan aiki ba mugaye ba ne. Su suka bar gidajensu suka zo suka tare, su ke tashin asuba, su ke sayen itace. Wata tsohuwa da na roƙa ta sassauta wa 'yarta ta dube ni ta ce, "'Yar nan, so kike dangin miji su ce ba ta da gata? A ce mun bar ta da ɗanyen jiki?" Na ce, "Gwaggo, gatan nan shi nake so ki ci gaba da yi mata. A surka ruwan yadda hannunki zai iya zama a ciki. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, a bar kanwar. Ƙaurin da mijinta ya kawo a dafa mata, ta ci ta ƙoshi." Ta yi shiru, sannan ta ce za ta gwada. Abin da na fahimta shi ne, dokar ci a wurin mutanenmu mutunci ne ke riƙe da ita. Wanda ya zo da takarda ya ce a daina, bai taɓa inda maganar take ba. Sai ka nuna wa uwa hanyar da za ta fita kunyar jama'a kuma 'yarta ta rayu, sannan za ta saurare ka.

Ana cikin haka wata shawarar ta shigo daga waje, cikin farar riga. Madarar gwangwani da bulumboti suka zama alamar wayewa, matar ma'aikaci ta ga shayarwa ƙauyanci ce. A garin da ruwan sha ba shi da tsabta, kuma kuɗin gwangwani ya fi ƙarfin albashi, uwa kan tsinka madarar da ruwa don ta kai ƙarshen wata. Abin da ke biyo baya gudawa ce da rama. Wannan masifa ta game ƙasashe matalauta da yawa, har aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka a 1977. A 1981 Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idojin taƙaita tallar abin da ake maye nonon uwa da shi. Ƙasashe 118 suka goyi baya, ƙasa ɗaya tak ta ƙi, ita ce Amurka. Daga nan na soma tambayar kaina: shin can inda ake rubuto mana shawarwarin nan, yaya ake yin su?

Amsar tana cikin tarihinsu. A farkon 1977 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata George McGovern ya fitar da rahoto kan abin da ya kamata Amurkawa su ci, ya ce a rage cin nama. Masu kiwon shanu suka yi caa, kuma jihar da McGovern ke wakilta, Dakota ta Kudu, jihar kiwo ce. Kafin shekara ta ƙare aka sake fitar da rahoton, maganar a rage nama ta koma a zaɓi naman da zai rage wa mutum cin kitse. Ba wani sabon binciken likitoci ne ya sauya jimlar ba. Tun daga 1980 gwamnatinsu ke fitar da jagoran cimaka duk shekara biyar, kuma ɗaya daga cikin ma'aikatu biyu da ke rubuta shi ita ce ta aikin gona, wadda aikinta ne ta samar wa manoma da makiyaya kasuwa. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya suka tono takardun da suka nuna cewa ƙungiyar masana'antun sukari ta biya wasu masanan Jami'ar Harvard kuɗi suka rubuta nazarin da aka buga a 1967, wanda ya sassauta wa sukari ya ɗora laifin ciwon zuciya kan kitse. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2003 kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, ƙungiyar masu sukari ta Amurka ta yi barazanar sa majalisarsu ta janye wa hukumar tallafi.

Su ma can akwai tarbiyyar da ke ƙarƙashin shawararsu. Al'adarsu ta ɗora wa mutum ɗaya alhakin kansa, don haka jagoransu ke magana da mutum shi kaɗai da farantinsa: auna kaza, rage kaza. Mai ƙiba sai a ɗauke shi ragon da ya kasa mallakar zuciyarsa, ba a tambayar me ake sayarwa da arha a unguwarsu. Mu kuma nan amarya ta yi ƙiba a ce miji ya iya kiwo, alhaji ya ajiye tumbi a ce hutu ya zauna, siririya kuwa a bi ta da tambayar ko lafiya, har 'yan mata na shan ƙwayoyin ƙara jiki. Da mu da su duka mun mayar da jikin mutum ma'aunin darajarsa, kuma duka biyun zalunci ne.

Idan shawarar can ta iso nan ba a tace ta ba, talaka ne ke ɗaukar nauyinta. An sha kawo mini mai ciwon suga riƙe da takardar da aka rubuta masa tuffa da man zaitun da garin alkama na leda, alhali kuɗin maganinsa ma da kyar ya haɗa. Ya koma gida yana ganin kansa mai laifi. Ga zogale a bayan ɗakinsa, ga rama da yakuwa da kuka, ga wake, ga gero da dawa da acca da ba a cashe su har suka rasa dusarsu ba. Alkamar da ake yaba masa, mafi yawanta da kuɗin waje Najeriya ke shigo da ita. Mun yarda an sa mana jin kunyar abincinmu: tuwon dawa ya zama na marasa hali, baƙo ba ya jin an karrama shi sai an dire masa lemon kwalba, fura da zoɓo sun koma na gida. Daddawar da iyayenmu ke dafa kalwa su surfa, su rufe ta kwana biyu ko uku ta nuna, su kirɓa su shanya, an ce tana wari, dunƙulen da galibinsa gishiri ne ya maye gurbinta. Ana zuba uku ko huɗu a tukunya ɗaya, a ƙara gishiri a kai, alhali masana lafiya na cewa kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini. Hawan jini ya cika gidajenmu. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma me naira goma za ta yi a gaban tallar da ke bin yaro daga talabijin har cikin wayar uwarsa?

Akwai ƙasar da ta nuna ana iya yin abin ta wata hanya. A 2014 Burazil ta fitar da nata jagoran, ta gina shi kan girkin gida: a dogara da abincin da ba a sarrafa shi sosai a masana'anta ba, a koyi girki a koyar da yara, a ci a kan lokaci, a ci tare da mutane, a yi hattara da abin da talla ke faɗa. Da na ji haka na ce ai rabin wannan kakanninmu sun riga sun sani. Abin da Burazil ta ƙara shi ne ta sa masananta suka auna, suka rubuta, gwamnati ta tsaya a kai.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a juya wa likita baya. Gishiri mai sinadarin aidin ya rage maƙoƙo a garuruwan da a da ake ganinsa a wuyan mata kamar gado. Shayar da jariri nonon uwa zalla wata shida ya ceci yaran da na gani da idona. Kanwa mai yawa tana cutar da mai jego ko Bature ya faɗa ko bai faɗa ba. Wanda ya ƙi gaskiya don bai son wanda ya kawo ta, kansa ya cuta. Kuma masu tallar garin magani a wayoyin hannu, masu cewa ka jefar da maganin asibiti ka sayi nasu, su ma kasuwa suke ci da tsoron mutane, sai dai sun sa rigar gargajiya.

Abin da shekaru suka koya mini ke nan, 'ya'yana. Duk dokar ci da aka kawo muku, ko daga bakin kaka ta fito ko daga ofishin gwamnati, ku tambaya wa ya faɗa, me zai samu idan kun bi, kuma me za ta yi wa mafi rauni a gidan, wato jinjiri da mai ciki da mai jego da tsoho. Wadda ta ƙara musu lafiya ku riƙe ta ko daga ina ta zo. Wadda ta rage musu ku ajiye ta cikin ladabi, ko da ta girmi kowa a gidan.

Ku masu karatun likita da na cimaka, ku auna mana geronmu da daddawarmu da ganyayenmu, ku rubuta shawara da Hausa, da mudu da ludayi da farashin kasuwar ƙauye, yadda matar da ke tsaye gaban murhu za ta iya aiki da ita gobe. Ku shiga gida da sallama, ku fara jin dalilin tsohuwa kafin ku faɗi naku. Ku magidanta kuwa, gyaran da ke hannunku ba ya jiran majalisa: idan an yanka kaza, a fara cire wa yaro da mai shayarwa, ƙwan gidan kuma a dafa wa 'ya'yan gidan kafin a kai saura kasuwa.